Kafin a miƙa tsohuwar laftof ga 'yan jari-bola

A kewayen mahaɗar Rumuokoro da ke Fatakwal, inda titin Ikwerre ya gamu da titin East-West a ƙarƙashin gadar sama, da wuya a leƙa shagon buga takardu ba a tarar da ita ba. Laftof ce ta hannu, HP ko Dell, irin wadda mutanen nan ke kira Belgium, an yi mata ɗaurin salatif a kusurwa, harafi ɗaya ko biyu sun goge. Mai ita yakan kunna ta da safe, ya je ya sha shayi mai kauri da burodi, ya gaisa da mahauta, ya dawo ya tarar ba ta gama shiri ba. Amma ita ce ke cike wa yara fom ɗin JAMB, ita ke riƙe da lissafin buhunan albasar da suka sauka daga Aliero, ita ke rubuta wa kwamitin masallaci takardar gayyata.

Ran da nauyinta ya kai intaha, masu shawara kan rabu gida biyu. Ƙanin da ke karatu a jami'ar Fatakwal da ke Choba zai ce, "Yaya, ram kawai za a ƙara mata." Maƙwabci kuma zai ce, "Alhaji, ka rabu da ita ka sayi sabuwa," ya faɗa cikin sauƙi tunda ba aljihunsa za a taɓa ba.

Abu na farko, mai laftof ya daina dukanta. Mari bai taɓa ƙara wa kwamfuta gudu ba, kuma idan tana ɗauke da tsohon faifan ajiya mai juyawa sau 5,400 a minti, mari ɗaya na iya tafiya da lissafin shekara biyar. Ya haɗa maɓallan Ctrl da Shift da Esc ya danna, ya shiga sashen Performance, ita da kanta za ta faɗi inda ke mata ciwo. Idan layin Memory ya kusa cika da an buɗe Chrome da Word, ƙarancin ram ne. Idan layin Disk ne ya kafe a kashi 100 alhali ba a yin komai, faifan ne ya gaji, ko an ɗura mata ram cikin kwando ba za ta tashi da wuri ba.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane bambancin. Faifan ajiya shi ne sito, ram kuma teburin da ake baje kaya a gaban shago. In teburin ƙarami ne, duk mai sayen da ya zo sai yaron shago ya ruga sito. In kuma yaron ne ba ya sauri, faɗin teburi ba zai hana ciniki tsayawa ba. Laftof mai ram 4GB da tsohon faifai tana fama da duka biyun, shi ya sa ake iya shan shayi kafin ta buɗe ido.

Akwai kuma ciwon da ya keɓanta da Fatakwal. Tun ƙarshen 2016 mutanen garin suka fara tashi da safe suna ganin baƙar kunkunniya a kan motoci da shanya, wadda ake dangantawa da masu dafa ɗanyen mai a ɓoye, sana'ar da ake kira kpofire. Abin da ya shiga hancin mutum yana shiga fankar laftof. Duk wanda ya tsaya a kan mai gyara yana kwance bayanta zai ga an zaro wani baƙin curi daga bakin fankar, ya haɗu da laimar garin ya danƙare, ya toshe hanyar iska ruf. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa da ta ji zafi ya yi yawa sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Buroshi, da ɗan hura iska, da sabon man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar, sun isa su dawo da wasu cikin hayyacinsu ba a sayi komai ba.

In dai ram ɗin ne, a nan ake son natsuwa, domin ram iri-iri ne kuma ba sa aron wurin juna. DDR3 ya shigo kasuwa a 2007, DDR4 a 2014, sannan DDR5 ya biyo baya. Kowanne an yi masa 'yar tsaga a wuri dabam a jikin haƙoransa: na laftof mai DDR3 haƙora 204, mai DDR4 kuma 260. Wanda ya ƙi shiga kada a sa masa ƙarfi, ba taurin kai yake yi ba, ba gidansa ba ne. Ko a cikin DDR3 akwai mai harafin L a ƙarshe, mai shan wuta kaɗan, kuma akwai injinan da ba sa karɓar kowa sai shi. Tsohuwar Dell Latitude E6430 da DDR3 take aiki, EliteBook 840 G3 kuma da DDR4, ko da yake a kan teburi ɗaya ake sayar da su.

Saboda haka kada a aiki yaro kasuwa da saƙon baki, a ce ya sayo "ram mai ƙarfi". Mai laftof ya saɓa kayarsa ya tafi layin masu kwamfuta na Ogbunabali da ƙafarsa, a cire caja, a cire batir, a sa sabon a gabansa, a kunna ya ga lambar ta sauya da idonsa kafin ya ƙirga kuɗi. Shawarar ɗaya ce ga na Anacha da na Inugu, da wanda zai jira sai ya je gida da Sallah ya bi ta titin Beirut a Kano. Ya kuma tambaya ko Windows ɗin da ke ciki mai lamba 32 ne ko 64, domin mai 32 ba ya iya amfani da abin da ya haura 4GB. An sha biyan kuɗin 8GB a koma gida da rabi yana barci.

Mafi albarkar kuɗin da ake kashe wa tsohuwar laftof shi ne na SSD, ma'ajiyar da ke maye gurbin tsohon faifai. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, yana karanta wajen 500MB a daƙiƙa inda tsohon faifai ke jan ƙafa a kusa da 100, kuma bai damu da girgizar keke-napep ba. Ram 8GB da SSD 256GB sun wadaci mai buga takardu da mai lissafin kaya. Mai shayi ne kaɗai zai ji a jikinsa, don ya rasa mai zama jiran inji.

Sai dai akwai ranar da gyara ke zama ɓarnar kuɗi. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana neman, in ƙwaƙwalwar Intel ce, zubi na takwas zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Mai sayarwa zai bugi ƙirji ya ce, "Oga, Core i5 ce fa!" Gaskiya ya faɗa, amma tun 2009 ake yin Core i5. A dubi lambar da ke biye: i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Wanda ke shiga asusun banki ko riƙe bayanan yaran mutane a injinsa bai kamata ya yi wasa da rufe tallafin nan ba. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet yana iya sa Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne kuma ba shi da nauyi. Wasu siraran laftof kuma, irin MacBook Air, an liƙe ram ɗinsu da dalma tun daga masana'anta, babu ramin da za a ƙara komai. In aka haɗa da mataccen batir, da karyayyen maratayi, da allo mai zane, kuɗin gyara ya riga ya kama hanyar kuɗin wata ta hannu mai ƙuruciya.

Farashi ma yana da bakin magana. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka yi sama. Ram kuwa kamfanoni uku ne ke yin mafi yawansa a duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma daga ƙarshen 2025 manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka yi ta kwashe shi har farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Tsadar ta shafi sabuwar laftof kamar yadda ta shafi ɗan guntun ram, don haka gudun gyara ba ya kuɓutar da aljihu.

Wanda injinsa zubi na takwas ne ko sama, kuma yana da ramin ƙari, ya share fanka, ya sa SSD, ya kai ram 8GB ko 16GB, ya ci gaba da neman halalinsa. Wanda nasa ya girmi haka kuma gaɓoɓinsa sun fara saki, ya tara kuɗin wata. Amma kafin mai baro ya zo wucewa yana kiran tsohon ƙarfe, don Allah a kwashe lissafin shago da hotunan iyali zuwa filasha, a zare faifan ajiyar a adana shi a gida.