Murya Ɗaya, Kunnuwa Iri-iri: Rabe-raben Matafiya a Hanyar Blue Ridge

Yawon buɗe ido da jagorancin murya wani salo ne na tafiya wanda matafiyi ke tuƙa motarsa da kansa, wata manhaja da ya sauke a wayarsa kuma tana yi masa bayanin abin da yake wucewa, ba tare da ɗan jagora mai rai ya zauna a gefensa ba. Abin ya samo asali ne daga gidajen tarihi, domin tun a 1952 gidan tarihin Stedelijk da ke Amsterdam ya fara ba baƙinsa 'yar na'urar saurare, daga baya salon ya shiga motoci ta hanyar kaset da faifan CD, waɗanda direba ke tsayarwa da hannunsa idan ya ji an ce ya tsayar. Abin da ya sauya al'amarin shi ne GPS, wato tsarin taurarin ɗan'adam da ke sanar da waya inda take a doron ƙasa, musamman bayan watan Mayun 2000 da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan. A yau mai shirya manhajar yakan ɗaura kowane bayani a kan wani ɗigo na taswira, ta yadda da zarar mota ta shiga da'irar ɗigon sai muryar ta buɗe baki ta lasifikar motar, ta faɗi abin da aka naɗa mata, ta yi shiru har ɗigo na gaba.

Daga cikin hanyoyin da aka fi bi ta wannan salo akwai Blue Ridge Parkway, wadda ta miƙe bisa ƙirjin tsaunukan Appalachia tsawon mil 469, kimanin kilomita 755, daga gandun dajin Shenandoah a jihar Virginia zuwa na Great Smoky Mountains, inda take ƙarewa kusa da garin Cherokee a Carolina ta Arewa. An fara gina ta a 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da ake neman samar wa mutane aikin yi saboda karayar tattalin arziki, ba a kuma haɗe ta ba sai a 1987. Da gangan aka tsara ta domin tafiyar hankali: ba a yarda a wuce gudun mil 45 a awa ba, manyan motocin kaya ba sa hawanta, kuma a kowane mil an kafa ɗan turke mai lamba wanda matafiya ke ƙirga tafiyarsu da shi.

Ga mai nazarin halayyar ɗan Adam, fa'idar wannan tsari ita ce muryar ba ta ji, ba ta gani, ba ta jin kunya, kuma abin da ta faɗa wa motar safe shi za ta faɗa wa ta yamma, harafi da harafi. Ɗan jagora mai rai yakan duba fuskokin mutanensa ya rage magana ko ya ƙara, ita kuwa ko a jikinta. Saboda haka duk wani bambanci da aka gani tsakanin mota da mota daga mazauna cikinta ya fito, kuma a kan wannan ma'auni aka yi rabe-raben da ke tafe.

Wanda ya fi kowa saukin ganewa shi ne ɗan amshin Shata, mutumin da ya ɗauki muryar a matsayin na gaba da shi, yake kuma amsa mata da "to" a ƙarshen kowace jimla. Idan ta ce a duba hagu yakan duba hagu da dukan wuyansa, alhali hanyar na karkata dama, har sai uwargida ta kama gefen kujera ta ce, "Maigida, sitiyari!" Hanyar tana da wuraren hange fiye da 200, wato 'yan filayen da aka keɓe a gefe domin a tsaya a kalli kwaruruka, kuma a ganinsa wuce ɗaya daga cikinsu ba tare da tsayawa ba cin amana ne. Iyalinsa sukan ci abincin rana da la'asar. Jarrabawarsa mafi tsanani takan zo ne ranar da hazo ya sauko, abin da ba baƙo ba ne a waɗannan tsaunuka, domin muryar ba ta san yanayin gari ba: za ta ce a gabanka ga jerin duwatsu shuɗɗa, wani bayan wani har ƙarshen gani, ta kuma yi bayanin cewa shuɗin daga wani sinadari ne da itatuwa ke fitarwa cikin iska, shi kuwa bawan Allah yana tsaye a bakin katanga, ba ya ganin ko ƙarshen takalminsa, yana gyaɗa kai cikin gamsuwa. An ce gani ya kori ji, amma a wurinsa ji ne ke sallamar gani. Idan ya tarar an rufe hanya da ƙofar ƙarfe, kamar yadda ake yi lokacin ƙanƙara, ko yadda aka rufe sassa da dama bayan guguwar Helene ta Satumban 2024 ta zaftare ƙasa, yakan daɗe zaune a gaban ƙofar yana jiran muryar ta ba shi izinin juyawa.

Kishiyarsa shi ne Malam Na-sani, wanda bai sayi manhajar domin ya ƙaru ba sai domin ya yi mata gyara. Ya kwana yana karatu kafin tafiya, yatsansa kuma kullum yana kusa da maɓallin dakatarwa, domin kafin muryar ta kai rabin jimla ya tsayar da ita ya ƙarasa, da ƙarin bayanin da babu wanda ya nema. Illar wannan ɗabi'a ta fuskar fasaha ita ce motar ba ta tsaya ba don muryar ta tsaya, saboda haka kafin ya gama laccarsa an wuce ɗigo biyu ko uku, bayanansu sun tafi ke nan, abin da ya rage wa mutanen motar shi ne nasa. Fagen da ya fi haskakawa shi ne kusa da turke na 355, inda wata 'yar hanya ke ratsewa zuwa tsaunin Mitchell, mai tsawon ƙafa 6,684, wato mita 2,037, wanda babu tsaunin da ya kai shi a duk ƙasar Amurka da ke gabas da kogin Mississippi. An sa wa tsaunin sunan Elisha Mitchell, malami a Jami'ar Carolina ta Arewa, wanda ya auna shi a 1835, daga baya tsohon ɗalibinsa Thomas Clingman, ɗan majalisar tarayya, ya musanta cewa ƙololuwar da malamin ya hau ita ce mafi tsawo. A 1857 Mitchell ya koma domin ya tabbatar da awonsa, ya zame ya faɗa a wata magangarar ruwa ya rasu, kabarinsa kuma yana can bisa ƙololuwar. Malam Na-sani yakan ba da wannan labari da zaƙin baki, har da ɗaga yatsa, kuma ba a taɓa ganin alamar ya lura cewa gardama ce ta mayar da mutumin dutsen ba. Adalci dai ya wajabta a ce wani lokaci yana da gaskiya, domin idan muryar tsohuwar naɗa ce ta ambaci tsaunin Clingmans Dome, wanda a 2024 aka mayar wa sunansa na harshen Cherokee, Kuwohi, to ya samu abin da zai yi ta maimaitawa har a koma gida, a kuma ci gaba da ji a teburin cin abinci.

Sarkin sauri bai cancanci dogon bayani ba, tunda shi ma ba ya ba kowa lokaci. A wurinsa hanya aba ce da ake gamawa, kuma da yake an auna tsawon kowane bayani ne da gudun da doka ta yarda da shi, kullum muryar tana bayansa da mil guda, tana kwatanta masa abin da tuni ya ɓace a madubi. Gadar Linn Cove, wadda ta lanƙwasa a gefen tsaunin Grandfather tsawon ƙafa 1,243, an harhaɗa ta ne da gutsattsarin kankare 153, ana sauke kowanne daga saman wanda aka riga aka ɗora domin kada manyan injina su ɓata jikin dutsen, kuma wannan ɓangaren ne ya ja aikin hanyar har ya kai shekara 52. Ko mai bin doka ƙasa da rabin minti yake yi a kanta. Sarkin sauri kuwa sai ya sauka yake tambaya ko an zo gadar.

Akwai kuma mai tawakkali ba ɗaure raƙumi, wanda aka gaya wa ya sauke bayanan tun yana masauki inda akwai intanet, ya ce a bari sai an hau hanya. Ya kamata a fahimci cewa GPS ba ya bukatar sabis, tunda wayar karɓar saƙo kawai take yi daga taurari aƙalla huɗu ta lissafa inda take, amma sautin da za a saurara dole ya riga ya kasance a cikinta, sabis kuma a kan waɗannan duwatsu sai an dace. Ana gane irin wannan matafiyi daga nesa: hannu ɗaya a waje ta taga, waya a sama, yana juya ta gabas da yamma. Yawanci shi ne kuma wanda bai sha mai ba, bai kuma san babu gidan mai a kan hanyar ba sai an sauka wani gari. Ba ya tafiya shi kaɗai, domin yana bukatar wanda zai ɗora wa laifi, wannan muƙami kuwa na mazaunin kujerar gaba ne, mai riƙe da waya, wanda ake tuhuma da taɓa wani abu duk lokacin da muryar ta ɗauke. Tsakanin Asheville da Cherokee, inda aka huda duwatsu hanya ta bi ta cikinsu sau da yawa (irin waɗannan ramuka 26 ne a hanyar, 25 a Carolina ta Arewa), saƙon taurari yakan yanke da an shiga, don haka ana yi wa mai riƙe da waya shari'a a kai a kai, ana kuma wanke shi da an fito haske, ba tare da an ba shi haƙuri ba.

Mai hoto matsalarta ta kayan aiki ce, domin wayar da ke magana ita ce wayar da ke ɗaukar hoto. Da an iso Mabry Mill a turke na 176, tsohon injin niƙa na katako wanda ruwa ke juya ƙafarsa, wanda Ed Mabry ya gina a farkon ƙarni na 20, sai ta fizge wayar daga igiyar caja ta fice, muryar ta bi ta waje tana bayani cikin aljihu, sauran mutanen motar su zauna jugum suna kallon wani gini da ba su san tarihinsa ba. A tsakiyar Oktoba, lokacin da ganyaye ke rikiɗa ja da rawaya kafin su zube, irinta sukan yi yawa har ta jira layi domin ta tsaya daidai inda ta gaba ta tsaya, ta ɗauki hoton da ta riga ta gani a Instagram, wanda shi ne ma ya kawo ta. Ɗan uwanta na jini shi ne mafarautin beyar, wato baƙar dabbar nan mai gashi da ke yawo a dazukan, wanda da ya hangi wani baƙin abu tsakanin itatuwa sai ya taka birki a tsakiyar titi ya bar ƙofa buɗe, motoci su yi cincirindo a bayansa, kowa na tambayar na gaba me aka gani. A gandun Great Smoky doka ta hana matsawa kusa da beyar ko elk, ƙatuwar dabba dangin barewa da aka maido yankin a 2001, ƙasa da yadi 50. Muryar takan faɗi wannan doka a fili, sai dai a lokacin babu kowa a cikin motar.

Game da mai barci, abin lura ɗaya ne: shi ne ya matsa a yi tafiyar, shi ya biya kuɗin manhajar, kuma tattausar muryar da lanƙwasar hanya sukan kwantar da shi kafin turke na goma. Idan an koma gida ya fi kowa iya ba da labarin abin da aka gani.

Nau'in da ya fi wuyar sha'ani shi ne wanda ya ƙulla zumunci da muryar. A rana ta farko yana yi mata dariya idan ta yi barkwancin da aka naɗa shekaru da suka wuce, a ta biyu ya raɗa mata suna, a ta uku kuma ya fara kafa hujja da ita a cikin gida, yana cewa ai ita ma haka ta ce. Yakan ce wa 'ya'yansa su yi shiru babba na magana, idan kuma uwargida ta nuna masa mararrabar da ya kamata ya bi sai ya jira ya ji ta bakin ɗayar tukuna, abin da kan sa a yi mil ashirin babu mai cewa uffan sai muryar, wadda ke ci gaba da bayanin furannin Craggy Gardens cikin fara'a. Idan aka isa turke na 469 muryar ta yi sallama, yakan amsa da babbar murya, ya ce Allah ya saka da alheri, ya ɗan daɗe bai kashe motar ba.

A daidai wannan wuri ne manhajar kan roƙi matafiyi ya ba ta taurari, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon gamsuwarsa, a nan kuma mai tauraro ɗaya ke bayyana, bayan ya yi tafiyar gaba ɗaya bai ce komai ba. Ƙorafinsa a rubuce yake kuma a tsare: an yi hazo, itatuwa sun yi tsawo sun tare hangen wasu wuraren, hanyar ta cika kwana-kwana har surukarsa ta yi amai, beyar kuma bai fito ba duk da an ambace shi sau uku. A ƙasa yakan ƙara da cewa muryar kanta ba ta da laifi, zai ma sake saye idan an gyara sauran.