Yadda Ake Ƙwato Lokacin Farauta Daga Hannun 'Yan Biki

Duk ɗan ƙasar Daura da neman abinci ya kai Kano ko Kaduna ko Abuja, in kuka daɗe kuna hira sai ya kawo maka zancen wata gona. Tana wajen Sandamu, ko bayan Zango, ko can Baure dab da iyaka. Ta gado ce, da gawo a tsakiyarta, da tsamiya a gefe, bayanta kuma akwai saura da sabara da kalgo suka rufe, inda zomo ke kwana, zabin daji suke fitowa kiwo da sanyin safiya. Zai gaya maka har sunan karen da mahaifinsa ya yi farauta da shi. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da wurin, sai ka ga yana ƙirga Salloli da yatsu. Da kai nake, ɗan'uwa, domin ina son ka koma dajin nan tun ƙafarka tana iya bin zomo.

Ka fara da sanin cewa shekarar mafarauci gajera ce. Da damina ba a shiga: shuka tana tsaye, namun daji suna da ƙanana, kuma wanda ya saki karnuka cikin geron mutane, shi da mai gari ne. Sai an yanke gero, an kawar da dawa da wake da gyaɗa, dabbobi sun shiga sun cinye karmami, sannan daji yake buɗewa. Daga shigowar hunturu zuwa lokacin da zafin bazara zai fara kwantar da kare a gindin bishiya, abin da kake da shi ke nan. A cikin wannan ɗan tsakanin ma akwai mai rabo. Watannin Musulunci suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, shi ya sa azumin 2025 ya zo a Maris, na 2026 ya kama tun a Fabrairu, masu zuwa kuma za su ci gaba da shiga cikin sanyi. Azumi alheri ne, kuma wanda ya taɓa bin kare da ƙishirwa ya san ba a haɗa su. To, ga abin da ke biye da shi: kowane uba yana so ya aurar da 'yarsa kafin azumi. Wato watannin da zomo ya fi ƙiba su ne watannin da katin gayyata ya fi yawa.

Saboda haka babban abokin karawarka shi ne katin nan. Ka tara su duka ranar Alhamis da dare, ka shimfiɗa a tabarma, ka yi musu rabon adalci. Akwai ɗaurin auren da in ba a gan ka ba za a riƙe ka da shi har jikokinka: 'yar yayanka, ɗan amininka, ƙanwar uwargida. Wannan ka je, ka zauna sahun gaba, ka ci shinkafa. Akwai kuma wanda aka gayyace ka don kawai lambarka tana cikin wayar ango. Shi wannan ƙanenka ya isa. Ka ɗinka masa babbar riga guda mai kyau, ka saya masa hula, ka naɗa shi wakilinka na din-din-din, kana haɗa shi da gudummawa a ambulan. Da yawa daga masu bikin ma sun fi tuna ambulan fiye da fuskar wanda ya kawo. Akwai na uku, wanda ake ɗaurawa a Daura ko wani ƙauye kusa da gonarka. Irin wannan katin ka sumbace shi, domin shi ne takardar izinin tafiyarka. Zomo da asuba ake nemansa, fatiha kuwa sai hantsi ya dubi ludayi. Ka fita bayan sallar asuba, ka dawo ka yi wanka, ka shiga cikin jama'a kana ƙamshin turare. Ka dai duba ƙafar wandonka da kyau, don ƙarangiyar yashin nan ba ta san babbar riga ba, kuma ta sha tona asirin manyan mutane a gaban waliyyai.

Jana'iza da ta'aziyya ba sa shiga wannan rabon. In an yi rashi, ka ajiye gora, ka ɗaure kare, ka tafi. Haka nan hawan Sallah a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Faruk Umar Faruk, da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal: waɗannan ranakun gari ne, kuma ko ka tafi daji ba za ka sami abokin tafiya ba, duk suna wajen kallon dawaki.

Sai cikin gida. Uwargida ba ta ƙi dajinka ba, lissafi take yi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa Daura daga Kano ta Kazaure da dawowa ya zama magana, balle daga Abuja. Wata rana za ta dube ka ta ce, "Maigida, wai shi zomon nan naka lita nawa yake sha?" Kada ka yi fushi, tambaya ce mai kyau. Amsarta tana cikin but ɗin mota. Ka dawo da garin kuka, da tsamiya, da wake, da man shanu, da fura ta gero sabon daka, da goruba da magarya da aduwa na yara. In Allah ya ba da zabuwa, ita ce a sama. Tafiyar da ke cika tukunya ba ta rasa mai yi mata addu'a. Mafi kyau duka, ka tafi da su. Ta sauka gidan iyaye ta yi zumunci, kai ka wuce gona. Zumunta a ƙafa take, kuma mota guda ta ɗauki buƙata biyu.

Kada ka yi mata ƙarya, kada ka yi wa kowa. Mutumin da ya ce zai je duba mara lafiya ya dawo da gashin zabo a aljihu ya rufe wa kansa ƙofar tafiya ta gaba.

Wurin aiki ma gaskiya ce ke fitar da kai, sai dai a haɗa ta da dabara. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa bayan ya yi wata 12, ma'aikatan gwamnati kuma suna samun fiye da haka. Yawancinmu muna ƙarar da shi a damina ko a hidimar Sallah, ko mu bar shi ya ruɓe a fayil. Ka nemi naka tun da wuri, ka ce a sa maka shi cikin Disamba ko Janairu, inda ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu suke zaune kyauta suna jiran wanda zai jingina hutunsa da su. In oga ya ce, "Malam, me ke Daura haka?" ka ce, "Ranka ya daɗe, gonar gado ce, in ban je ba babu mai zuwa." Da wuya ka sami ogan da ba shi da tasa gonar da ke cin ransa a wani ƙauye. Ɗan kasuwa kuwa ya tuna rumfa ba ta rushewa don an bar wa yaro ita kwana biyu. In yaron ba abin bar wa rumfa ba ne, wannan wata matsala ce da farauta ba ta jawo ba.

Duk wanda ya ce aiki ya yi masa yawa, ya tuna marigayi Muhammadu Buhari. Lokacin da ya bayyana kadarorinsa a 2015, an lissafa shanu 270, tumaki 25 da dawaki 5. Yana shugaban ƙasa, in ya zo hutun Sallah, akan gan shi cikin gonarsa a Daura yana zagaya shanun nan, kuma da ya miƙa mulki a 2023 garin ya dawo. Kiwo ya sa a gaba, ba farauta ba, amma darasin guda ne. Teburinka bai kai nasa takardu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin lokacin da mutane ke kukan ba su da shi a shiri yake ƙarewa: a iso Asabar da rana, a fara neman takalmi, a tarar ɓera ya cinye jakar, a je neman wanda ya ari gora tun bara. Ka ajiye kayan dajinka a ƙauyen, wuri guda, a hannun mutum guda. Ka baro birni Juma'a bayan an sauko masallaci, ka kwana a gida, asuba ta same ka a bakin saura. Kare kuma ba ya jiran mai zuwa sau ɗaya a shekara. Ka bar shi wurin ɗan'uwan da ke fita da shi, ka riƙa aika kuɗin abincinsa a kan kari, in ka zo ka ba shi da hannunka. In ba haka ba, ranar da ka iso zai yi maka haushi a gaban yaran unguwa, su kuma ba za su manta ba. Waya kuwa ka kashe ta da kanka, ka gaya wa mutanen gida lokacin da za ka kunna. A ƙauyukan bakin iyaka wani lokaci ma sabis ɗin Nijar ne ke kama ta, ka ga ta huta ka huta.

Yanzu bari in sauke murya, don wannan ba wurin dariya ba ne. Kafin ka taka daji ka je ka gaida mai gari, ka gaida Sarkin Baka ko duk wanda ke shugabantar maharban yankin. Su suka san inda ake shiga da inda aka bari, da ranar da aka sa gayyar farauta, da baƙon da aka gani jiya. Ƙasar Daura ta fi yammacin jihar Katsina kwanciyar hankali, inda dajin Rugu ya zama abin da kowa ya sani, amma wannan ba dalilin shiga daji kai kaɗai ba ne. In kana da bindigar toka, ka nemi lasisinta wurin 'yan sanda, kuma ka bar ta a ƙauye, kada ka riƙa yawo da ita a mota. Ba mu manta Uromi ba, a jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida Sallah, aka kashe 16 daga cikinsu. Allah ya jiƙansu. Zalunci aka yi musu tsantsa, kuma ya nuna mana yadda ake kallon mai kare da bindiga a kan hanya a wannan zamani.

In ka shiga, ka shiga da niyya. Littafin Risala da muka karanta a makarantar zaure ya nuna farauta don wasa kawai makaruhi ce, ta neman abinci kuwa halal. Ka yi bisimilla in za ka saki kare, ka ɗauki abin da tukunya za ta ci, ka bar saura. Zomo, fakara, zabo, kurege, gafiya: abin da ya rage mana ke nan a mafi yawan wurare. Barewar da kakanninmu ke ba da labari ta yi nisa, kuma in ka yi sa'ar ganin guda, ka riƙe karenka ka cika idonka. Wuta kuwa kada ka kusance ta. Mai cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya ya ƙone abincin shanun makiyayi, ya ƙone 'ya'yan itatuwa, ya kori zabin da zai zo nema baɗi. Katsina tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda aka kafa wa hukumar Babbar Katangar Itatuwa a 2015, kuma mu nan arewacin jihar mu muka fi jin iskar a fuska. Ka leƙa tsallaken iyaka, wajen Magarya da Matamai a jihar Damagaram, ka ga yadda manoma suka mayar da gonakinsu cike da gawo ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa, suna yi masa aski maimakon sare shi. Ka ware awa ɗaya cikin kowace zuwa ka yi wa naka tsiron haka. Inda inuwa da ciyawa suka dawo, zabo yana dawowa.

Akwai kuma dalilin da ya fi nama. Gonar da mai ita ba ya zuwa, iyakarta tafiya take yi da dare. Bana kunya ɗaya, baɗi biyu, har ranar da za ka zo ka tarar tsamiyar mahaifinka ta koma cikin gonar maƙwabci, shi kuma ya rantse tun yana yaro a nan ya gan ta. Gari ma yana matsowa. An kawo Jami'ar Sufuri, an kawo kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ta Daura ya biyo, masu yanka fuloti kuma idonsu biyu. Ka zagaya iyakarka da ƙafa duk zuwa, ka dasa gamba a kanta, ka gaisa da maƙwabtan gona da sunansu. Ka riƙe hannun ɗanka ku yi zagayen tare. Yaron da aka haifa a Kano bai san sawun zomo ba, bai san bambancin kalgo da sabara ba, sai ka nuna masa. Zai gaji, zai ce ƙaya ta soke shi, zai nemi wayarka. Ka ba shi goruba ya ci gaba da tafiya.

Lahadi kuma ka yi hattara da Mai'adua. Ranar kasuwarta ce, kuma wanda ya ce bari ya leƙa kara ya ga kuɗin raguna, la'asar za ta same shi yana ciniki a kan ragon da ba zai saya ba. Ka raba naman da wuri: na mai gari, na wanda ke riƙe maka kare, na tsohuwar da ta dama muku fura. Kafin ka tada mota, ku tsayar da ranar dawowarka kai da Sarkin Baka a gaban mutane, don ranar da aka faɗa a gaban dattawa tana da wuyar sokewa. Ka kama hanya bayan azahar, ka shiga gida da sauran haske. Zabuwa ɗaya kuma ka ware ta daban, ta abokin aikin da ya riƙe maka tebur ranar Juma'a ce, domin wata Juma'ar tana tafe.