Buhu 5030

Aikina na kammala karatu a jami'ar Aliero shi ne ƙera kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da umarnin da mutum ya rubuta zuwa yaren na'ura. Tawa Hausa take ji. Da na zo hutu Kimba, Kawu ya ce tunda kuɗin albasa ne suka biya karatun, albasa ce za ta fara cin moriyarsa.

Na tsara masa lissafin kaya. Buhu 50 a ajiye, ya ƙaro 30. Na danna, allo ya ce 5030.

Kawu ya gyara zaman hularsa ya ce, "Masha Allahu." Kafin La'asar zance ya kai kasuwar Jega. Wani dillali ya bugo yana tambayar tirela nawa zai turo. Wani ɗan'uwa da ko gaisuwar Sallah ba ya aikowa ya sauka daga Maiyama da maganar rance. Gwaggo kuwa ta kafe sai an nuna mata gidan da ake kai sauran buhunan, da matar da ke cikinsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta ɗaukar lamba da rubutu abu ɗaya. Hamsin ɗin Kawu ta shiga a matsayin rubutu, talatin a matsayin lamba. Kwamfailata in ta ga alamar tarawa, hagu kaɗai take leƙawa. Da ta ga rubutu sai ta manna masa na dama. Ban ji kunya sosai ba, don yaren kwamfuta na JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a Netscape a 1995, har gobe haka yake yi. Yaren Python ne mai tarbiyya, ƙin aikin yake yi.

Abin takaici, wajen ragi kwamfailata ba ta taɓa kuskure, don haka bashin Kawu daidai ya fito.

Dare ya raba ina fama da sauro da batirin da ke shirin mutuwa. Na tilasta mata duba ɓangarorin biyu, in jinsi ya bambanta ta tsaya ta yi ƙorafi. Na mayar da hamsin lamba. Da safe na kai wa Kawu 80.

Ya daɗe yana kallon allon. "Ɗan nan, wa ya aike ka?"

Baƙon Maiyama dai ya ce shi ya san kwamfuta ba ta ƙarya, ni ne aka saya. Yana nan a zaure, ya ma aika a kawo masa sauran kayansa.