Wa'adin Sallama da Takardar da Ta Bi Hanyar Matameye

Garin Takieta, wanda ke kimanin kilomita 50 yamma da Damagaram, yana daidai mararrabar da hanyar Matameye da Kano ta rabu da babban titin Maraɗi da Yamai, kuma tun 2011 shi ne hedikwatar gundumar da ta haɗa Garagumsa, Dakusa da Tirmini. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a waɗannan ƙauyuka sukan buƙaci samari masu boko domin ƙidayar gidaje, dabbobi da rumbuna, amma sau da yawa ba su ne ke ɗaukar mutum da kansu ba, sai su ba wani kamfanin samar da ma'aikata kwangila, shi kuma ya nemo yaro ya sa shi rattaba hannu a kwantaragi, wato yarjejeniyar aiki ta ɗan lokaci, ya riƙa cire rabonsa kafin kuɗi su kai ga mai gumi. Dillalin kara sau ɗaya yake karɓar la'ada, da an ce Allah ya sa albarka ya kama gabansa, amma dillalin ofis duk wata sai ya karɓa, kuma igiyar ba ta barin hannunsa.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki mutum a matsayin ma'aikaci idan yana aiki ƙarƙashin umarni da ikon wani domin lada, kuma idan aikin ba mai ƙayyadadden lokaci ba ne akwai wa'adin sallama, wato tazarar da ke tsakanin ranar da ɗaya ya sanar da cewa za a rabu da ranar rabuwar, wanda ga mai albashin wata yakan kasance wata guda, kuma wanda ya tsallake shi zai biya ɗan'uwansa kuɗin kwanakin. Sai dai kamfanonin sun iya alƙalami, domin sukan rubuta cewa yaron mai zaman kansa ne da ke sayar da hidima, ta yadda abin da zai ɗaure shi shi ne sharuɗɗan takardar, waɗanda aka jera da Faransanci a ƙananan baƙaƙe a shafin da babu mai kaiwa.

Misali mafi bayani shi ne na wani ɗan garin, wanda mai wannan rubutu ya san shi sanin da ba ya son a tsananta bincike a kai. An ɗauke shi ƙidayar awaki a kan jaka sittin a wata, aka ba shi waya da hular rana da riga mai tambari, ya karanta shafin da aka rubuta kuɗi sau biyu, sauran kuwa ya bar wa Allah. Ana cikin haka wani kawunsa ya samo masa aikin rubuta kaya a shagon wani Alhaji a Damagaram, aka ce ya zo cikin mako. Da ya buga wa mai kamfani waya, sai ya ji murya cikin natsuwa tana cewa: "Ƙanena, ka duba sharaɗi na goma sha ɗaya." Sharaɗin ya tanadi cewa shi sai ya ba da wa'adin wata guda a rubuce, ƙirga kuma daga ranar da takarda ta isa ofis aka buga mata hatimi, in ya saɓa a riƙe kuɗinsa na ƙarshe, alhali kamfani na iya sallamarsa da saƙon waya kawai.

Ya zauna ya rubuta takardar ajiye aiki da Faransancin da ya fi ƙarfin lamarin, ya manta bai sa kwanan wata ba, ya kai tasha ya danƙa wa wani direba tare da kuɗin goro, direba ya soke ta a bayan madubi ya ce: "Mushe, kwantar da hankalinka, kamar ta isa." Abin da masana harkar tasha suka sani, shi bai sani ba, shi ne cewa direba fasinja yake bi, kuma a ranar fasinjan Matameye suka fi yawa.

Daga nan ya shiga cika wa'adi da gaskiya da riƙon amana. Kullum da sassafe ya sa riga mai tambari ya shiga ƙauye, ya ƙirga awakin da ya riga ya ƙirga, har matan gidajen suka fara ɓoye 'yan akuyoyi a ɗaki don zaton jangali ya dawo, wani tsoho ma ya tambaye shi ko gwamnati na shirin raba wa awakin katin zaɓe ne. Alhaji ya gaji da jira ya ɗauki wani. Da wata ya cika ya shiga mota ya je ofis neman haƙƙinsa, sakatariya ta duba littafi ta ce babu takardar da ta zo, ta kuma ƙara da cewa ai aikin ƙidayar ya ƙare tun makonni uku da suka wuce, an tura saƙo ga kowa a wayar aiki, wadda cajinta ya mutu a wani ƙauye marar lantarki.

Ya kai kuka ga sufeton ƙwadago, wanda aikinsa shi ne sasanta ma'aikaci da uban gidansa kafin a kai ga kotu. Sufeto ya saurare shi ya ce tambayar farko ita ce wa ke ba shi umarni, sai aka ga ƙungiya ke umarni ba ta biya, kamfani ke biya ba ya umarni, kwanakin da yake neman kuɗinsu kuwa babu wanda ya umarce shi sai shi kansa. A nan magana ta tsaya.

Da kaka ta yi kamfanin ya sake kiransa ƙidayar rumbuna, wannan karon ya karanta kowane shafi yana bi da yatsa, ya nemi kwafi, ya sa hannu. Mako bai cika ba direban nan ya share motarsa, ya ga takarda a bayan madubi, amana ta motsa masa, ya kai ta ofis da kansa. Sakatariya ta ga babu kwanan wata, ta buga hatimin ranar, ta kuma aika wa mutumin saƙo cewa kamfani ya karɓi ajiye aikinsa cikin alhini, yana da sauran wata guda.