Bazazzagi da Nama Mai Hannu Takwas

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Labari ya iso mini cewa tun da aiki ya kai ka Vigo, can Galisiya ta ƙasar Sifaniya, ka raina tuwo. Wai ka shiga kasuwar kifi ka sayo oktofus, dabbar tekun nan mai hannu takwas da zuciya uku, ka daddatsa ta ɗanya ka watsa a mai. Minti goma ka sauke. Uwargida ta ce tun bayan magariba kuke tauna har aka yi isha'i, loma ɗaya ba ta wuce ba.

Halas dai halas ce, mu 'yan Malikiyya ba mu da ja a kan abin da ya fito daga teku. Matsalar mai dafawa ce.

To buɗe kunne. Dabbar nan ba ta da ƙashi ko ɗaya, tsoka ce zalla ɗaure da jijiya, kuma wuta mai gaggawa ƙara ɗaure ta take yi. Ganda ce ta teku, haƙuri take so. Masuntan Girka a kan dutse suke maka ta har ta yi laushi, amma kai kada ka fara, maƙwabta za su kira maka 'yan sanda. Ka jefa ta firiza ta kwana biyu ko uku. Ƙanƙarar ce za ta tsattsinka jijiyoyin. Idan ta narke, ka tafasa ruwa a babbar tukunya, ka kama ta ta kai, ka tsoma ka ɗaga har sau uku. Za ka ga hannayen suna nannaɗewa, fatar ta kama jiki ba ta saɓule ba. Sannan ka sake ta ciki, ka rage wuta. Mai kilo 2 tana cin minti 45 zuwa awa guda. Ka soka tsinke a gindin hannu, inda ya fi kauri. In ya shige babu gardama, kashe wuta, ka bar ta ta huce a ruwanta. Za ta tsuke sosai, kada ka yi wa yara sharrin sun ɗiba.

Sauran aikin ko Bazazzagi zai iya: almakashi, farantin katako, man zaitun, gishiri mai tsakuwa, garin jan tattasai, sai dankalin da aka dafa a ruwan nan da ya koma ja-ja.

Kada kuma ka ce mini ai Zariya babu teku. Waɗanda suka fi suna a dafa ta a Galisiya mutanen O Carballiño ne, garin da ba ya bakin ruwa, kuma duk watan Agusta biki guda suke yi mata. In ka sake ƙona kuɗinka, ka bar wa uwargida madafa, kai ka tsaya a wanke-wanke.