Yadda Za Ka Ga Alƙahira Duk da Karamcin Mai Masaukinka

Da ɗan gari kan ci gari, haka ne. Sai dai wani lokacin ɗan garin ne ke cinye maka kwanakin ziyarar, cikin so da ƙauna. Idan kana da aboki Bamisire da ya yi rantsuwa cewa muddin ka shigo Alƙahira ka sauka a otal to zumunci ya yanke, ka amsa gayyatar. Amma ka shiga da shiri, domin kai dala ka zo gani, shi kuwa dangi zai nuna maka.

Fara da tsaraba. Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar zoɓo, suna da shi, da zafi da sanyi suke shan sa. Ka riƙe hula mai kyau ga mahaifinsa da ƙullin yaji ga gidan. Hular za ta zauna a kabad har abada. Yajin kuwa za a ɗanɗana sau ɗaya, a nemi ruwa, a yi maka addu'a.

Babban abin da zai shiga tsakaninka da tarihin Masar shi ne mahaifiyar abokinka. Ka kira ta Hajja, ka gaishe ta da ladabi, sannan ka san cewa daga yau cikinka ya koma hannunta. Da safe za a jera maka ful, wato dafaffen wake da mai da lemun tsami, ga ta'amiyya da aka soya da niƙaƙƙen wake, ga cuku, ga gurasa tuli. Kana cewa ka ƙoshi, za ta kalle ka kallon wanda ya zagi girkinta, ta ƙara maka. Dabarar ita ce kada ka taɓa share faranti tas, domin a wajenta faranti babu komai kuka ne na yunwa. Ka bar loma biyu, ka dafa ƙirji, ka ambaci Allah sau uku. Ranar da aka kawo wata koriyar miya mai yauƙi ana yi maka bayanin cewa wannan mulukiyya ce, abincin da babu irinsa a duniya, ka yi mamaki yadda ya kamata. Kada ka ce lalo ne, ko da yake lalo ne. Hajja ta sha wahalar yanka ganyen nan, kuma soyayyar tafarnuwar da ta zuba a kai ta cancanci yabo tsakani da Allah.

Sai batun lokaci. Alƙahira gari ne na dare. Ƙarfe ɗayan dare za ka ga yara na wasa a titi, abokinka kuma a lokacin hira ta fara yi masa daɗi. Saboda haka idan ya ce gobe da sassafe za ku tafi Giza ganin dala, ka tambaye shi sassafen wa. Za a tashi da hantsi, a karya, a sha shayi, kawunsa ya zo ganin baƙo, a sake shan shayi, a shiga cunkoson motoci a kan gadar Nilu, ku isa ana shirin rufe ƙofa. Maganin wannan shi ne ka yi masa ƙaryar cewa likita ya hana ka shiga zafin rana, ka ɗora shi a mota bayan sallar asuba yana gyangyaɗi.

A Giza ne za ka gano sirrin da yake ɓoyewa: rabonsa da wurin tun yawon buɗe ido na firamare. Kai ne za ka gaya masa cewa dalar Khufu ta kai shekara 4,500, kuma da aka gama ta tsayinta ya kai mita 146. Zai gyaɗa kai ya ce ai kakanninsa ne suka gina. A wajen sayen tikiti kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Zai ce ka yi shiru ya ce kai mutumin Aswan ne. Kada ka yarda. Da ka buɗe baki da Larabcin Islamiyya, kana fitar da kowane harafi daga mafitarsa, mai tikiti zai gane ka, ga kunya ga asarar lokaci. Biya kuɗinka na baƙo ka wuce da mutuncinka. Shiga cikin dalar kuwa tikiti ne na daban. Za ka hau wani siririn lungu a duƙe, gumi na tsiyaya, ka isa ɗakin sarki ka tarar da akwatin dutse babu murfi babu kowa a ciki. Abokin zai jira ka a waje, ya san abin da yake yi.

Inda zai yi maka rana shi ne wajen masu raƙuma. Duk wanda ya ce maka "ya basha" yana murmushi, aljihunka yake yi wa. A yi ciniki a ƙasa, a ambaci kuɗin hawa da na sauka, domin mutum a kan tozo ba shi da bakin ciniki.

In ka koma gida kowa zai tambaye ka ko ka ga gawar Fir'auna, don haka ka san inda take. A 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gidan da ke Fusɗaɗ, har da ta Ramsis na Biyu. Abokinka zai nuna maka shi ya rantse cewa shi ne na Annabi Musa. Masana ba su haɗu a kan hakan ba, amma ba a ƙaryata mai masauki a gaban gawa.

Tsohon gari kuwa sai ka yi da gaske. A ganin abokinka kasuwar Khan al-Khalili wurin baƙi ne da ake tsuga wa kuɗi, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai kai ɗin baƙo ne. Ka ja shi Masallacin Azhar, wanda Faɗimawa suka fara ginawa a 970, shekara guda bayan kafa birnin. A nan za ka iya jin Hausa a bayanka, domin ɗalibanmu sun daɗe suna karatu a can. Ka gaisa da su a tsaye, in ba haka ba su ma za su ce sai ka ci abinci. Daga nan ka roƙi arziki a kai ka Masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. A ganina ya fi duk wuraren da ake turmutsutsu kyau, kuma da wuya ka tarar da cunkoso. Abokinka zai tsaya tambayar hanya sau da yawa, ka yi kamar ba ka lura ba.

Tsallaka titi ba ya buƙatar dogon bayani. Ka tsaya ta gefen da abokinka zai kare ka daga motoci, ka tafi da takunsa, kada ka yi gudu, kada ka ja da baya.

Biyan kuɗin abinci a waje kokawa ce ta gaske, har da riƙe hannu da rantsuwa da saki. Ba za ka ci nasara ba. Mansa Musa ya bi ta garin nan a 1324 ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi, amma shi ba a gidan aboki ya sauka ba. Ka ce za ka wanke hannu, ka lallaɓa wajen mai karɓar kuɗi ka biya kuɗin abincin, sannan ka shirya wa fushin kwana guda.

Ranar tafiya ka faɗa wa gidan cewa jirginka na tashi awa uku kafin ainihin lokacinsa. Awa ɗaya ta bankwana ce a bakin ƙofa, ɗaya ta cunkoso, ɗaya kuma ta sake shirya akwati, domin Hajja ta cusa maka kwalbar zaitun da ledar busasshen zoɓo a tsakanin rigunanka.