Yadda Za Ka Ɗora wa Mazda Sufacajar Mini Ba Tare da Ka Koma Tafiyar Ƙasa Ba

Mazda MX-5 ta fito a 1989, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 mai ƙarfin doki kusan 115. A kwana babu mai kama ta. A miƙaƙƙen titi kuwa, motar kai yara makaranta sai ta wuce ta fuu, direban ko waiwaye bai yi ba. Wannan takaici ne ya sa masu gareji a bayan gida, musamman a Ingila, suka sa wa Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006 ido, domin tana ɗauke da sufacaja ƙirar Eaton M45, kuma duk wadda ta yi hatsari ana samun tata da araha wajen masu fasa motoci. Idan kai ma wannan ƙaiƙayin ya kama ka, ɗan'uwa, ajiye sifana tukuna, zauna mu yi magana.

1. San abin da ka sayo

Sufacaja zugazugi ce, babu ƙari babu ragi. 'Yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, su suka yi rajistar wannan ƙira a 1860, kuma a masana'antun narka ƙarfe ta fara suna kafin ta shiga mota. Bel ne ke juya ta daga karanshaf, ita kuma ta riƙa cusa wa inji iska fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa. Turbo hayaƙin salansa take jira kafin ta farka, ita kuwa wannan kana taɓa totur take amsawa. Ladan aikinta daga ƙarfin injin take cira, don haka duk dokin da ta ba ka ta riga ta yanki nata kason.

Lambar da ke jikinta ita ce yawan iskar da take ɗiba a juyi ɗaya. M45 kusan kashi uku cikin huɗu na lita, M62 ta tsofaffin Marsandi SLK 230 Kompressor kusan lita ɗaya, M90 ta manyan motocin Amurka masu inji 3.8 kuwa lita ɗaya da rabi. Mai sayarwa zai ja ka wajen babbar, ya rantse cewa ita ce daidai da matsayinka. Gode masa, ka ɗauki ƙaramar. Injin lita 1.6 bai san matsayinka ba, girman cikinsa kaɗai ya sani.

2. Duba kafin ka biya

Juya fulin da hannu. In ya tafi sumul, madalla. In ka ji ƙwas-ƙwas, 'yar robar da ke haɗa hancin da giyoyin ciki ta cinye, ana canza ta. Haska tocila ka ga ko ƙarafan da ke juyawa a ciki sun karce bango, domin ta nan iska za ta riƙa zurarewa. Buɗe man da ke hancinta ka duba, amma ka yi haka a waje, nesa da labulen uwargida, don warinsa ba ya fita da wanki ɗaya.

Ta Mini tana da wata al'ada tata: ta bayanta take juya famfon ruwan motar, da wasu 'yan giyoyi a ɗan akwatinsu. Mazda tana da nata famfon, saboda haka ka cire wannan ɓangaren ka toshe gurbin da kyau. Sannan ka tabbatar injinka da sufacajar gefe ɗaya suke juyawa. A Mazda babu matsala, amma tsofaffin injinan Honda baibai suke juyi. Wanda bai duba wannan ba zai kashe wata uku yana ƙera abin da zai riƙa zuƙe iska daga injinsa.

3. Biro kafin sifana

Ga lissafin da ke raba mai mota da mai tarin ƙarfe. Inji mai lita 1.6 yana zuƙar kimanin lita 0.8 a kowane juyi. Idan fulin karanshaf milimita 130 ne, na sufacaja 65, to duk juyi ɗaya na inji ita za ta yi biyu, ta kawo lita ɗaya da rabi. A takarda iskar ta kusa ninkawa, a kan titi kuma zafi da yoyo za su rage wani abu. Ka kuma tuna cewa lokacin da injin ya kai juyi 7,000 a minti, ita tana 14,000.

A nan ne abokai za su kewaye ka. Kowane gareji yana da wani gwani wanda bai taɓa mallakar mota ba amma ya san komai, shi ne zai ce: “Oga, rage fulin nan kaɗan, wallahi sai ta tashi sama.” Gaskiya ya faɗa, wani abu zai tashi sama, sai dai yawanci gaskit ne. Ƙaramin fuli yana ƙara gudu, gudun da ya wuce kima kuma iska mai zafi yake kawowa, ba ƙarfi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Fara da matsin iska da bai wuce rabin ma'aunin bar ɗaya ba, ka ga yadda motar ta karɓa.

4. Mazauni da bel

Babu rami ko ɗaya a jikin Mazda da aka huda don kayan Mini, saboda haka mai walda zai zama amininka. Yawanci a gefen salansa ake samun wuri, wato wuri mafi zafi a ƙarƙashin bonet, don haka faifan tare zafi wajibi ne. Mazaunin ya zama ƙarfe mai kauri wanda ba ya lanƙwasa, kuma fulin sama da na ƙasa su tsaya a layi ɗaya cif. Auna da miƙaƙƙen ƙarfe, kada ka auna da ido ɗaya a rufe. Karkatar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta sa bel ya yi ta kuka, ya yi baƙin gari, daga bisani ya yi sallama da kai a tsakiyar hanya.

Kada ka manta da ɗan bawul ɗin da ke sakin iska in ka ɗaga ƙafa daga totur. In babu shi, sufacajar za ta yi ta dannar ƙofa a rufe, tana dafa iska tana shan mai a banza, ko da kana tsaye a danja.

5. Iska ba ta tafiya ita kaɗai

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne mafi yawan injuna ke rasa ransu. Fetur yana ƙonewa daidai ne idan iska ta ninka nauyinsa sau 14.7, amma in ana cusa iska da ƙarfi sai an ƙara mai, a sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, don a sanyaya silinda. Birenbos ɗin Mazda na asali bai san da baƙuwar ba, zai ci gaba da auna mai kamar jiya. Ana bukatar manyan nozul, da birenbos da ake iya saitawa irin Megasquirt, da na'urar da ke nuna maka ma'aunin iska da mai kana tuƙi, sannan a ja lokacin tartsatsin fulogi baya kaɗan.

Dubi abin da masu ƙera Mini suka yi: sun sauke matsin injinsu zuwa 8.3 don ya ɗauki sufacaja, alhali na Mazda 9.4 ne. Wannan tazarar kai za ka biya ta da fetur mai kyau da na'urar sanyaya iska a gaban lagireto. Lissafin da ya yi aiki a sanyin Ingila kuwa sai an sake shi idan motar za ta zauna a Sakkwato, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40. In ka taka ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafa nan take. Fistin ne ke roƙonka.

6. Sauran motar ma tana da haƙƙi

Kulocin asali yana iya fara sulɓi. Birki, tayoyi, lagireto da giyar ƙafafun baya duk an yi su ne don doki 115. A 1929 ɗan tsere Tim Birkin ya sa aka ɗora wa Bentley sufacaja, W. O. Bentley da ya kafa kamfanin da kansa bai so ba. A tseren Le Mans na 1930 Bentley biyun da suka shiga da sufacaja babu wadda ta kai ƙarshe, Bentley Speed Six marar sufacaja ce ta ci. In attajiran Ingila da injiniyoyinsu sun ga haka, kai mai fitilar waya a baki ka gyara birki kafin ka nemi gudu.

7. Gida da hukuma

Sufacajar ita ce mafi arha a cikin duk abin da za ka saya. Faɗa wa uwargida jimillar kuɗin tun farko, har da na walda da na saiti, domin labarin “na same ta a banza” ba ya jure kwali na biyar da ɗan aike zai sauke a ƙofar gida. Kamfanin inshora ma a sanar da shi. A Ingila ɓoye irin wannan canji yana iya sa su ƙi biya ranar hatsari, a Kalifoniya kuma kayan da hukumar kula da hayaƙi ba ta amince da su ba suna hana mota cin gwaji.

8. Ranar tayarwa

Canza baƙin mai, duba kowane tiyo, ajiye abin kashe gobara kusa, ka sallami 'yan kallo. Daga nan kai ta wurin masu injin gwaji, inda ake ɗaure mota tana gudu a tsaye, gwani ya saita mai da wuta mataki mataki. Kuɗin wannan yinin bai kai na sabon inji ba. Aikin da aka yi da haƙuri yakan wuce doki 150, kuma a motar da ba ta kai tan ɗaya ba wannan ya isa ya sa ka dariya kai kaɗai a kowace giya. Wanda kuwa ba zai iya haƙurin lissafi da saiti ba, ya saya wa motarsa tayoyi masu kyau ya more kwanarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.